Yatsu Huɗu da Jan Zare

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da "ina shafinmu, ina shafinmu," ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rantse Anti Talla ce ɓarauniyar har kina neman lambarta don ki zage ta, ki gyara zama, ki ajiye kofin da ke hannunki. Ba zan biya kofin kowa ba.

*

Tun daga matattakala Auta ta san yau ba lafiya ba. Ofishin da kullum dariyar Anti Talla ke tarar mutum tun daga ƙasa, yau shiru kamar an ɗauke wuta.

A kwanar bene ta tarar da Yayanta, wanda duk ofishin ke kira Injiniya, ya juya baya yana waya ƙasa-ƙasa. Yana jin takunta ya katse kiran, ya zura wayar a aljihu.

"Yaya ina kwana."

"Lafiya lau Auta. Kin karya kuwa? Ji idonki."

"Wane karyawa? Yau fa za su saki nasu."

"Na sani."

"Da wa kake magana?"

"Mai gyaran mota ne. So yake ya haukata ni."

Ta gyaɗa kai, ko a jikinta. Ni dai na ce uhm.

Kamfanin nasu ɗan ƙarami ne, mutum biyar a ɗaki biyu. Wasan kwamfuta suke haɗawa, irin wanda mai wasa ke zaɓar abin da zai zama kafin ya shiga duniyar dodanni, ko Mayaƙi, ko Maharbi, ko Matsafi, ko Ɓarawo, ko Mai Magani. Injin AI ke zana hotunan mutanen nan, amma injin ba ya zana komai sai an rubuta masa umarni, kuma rubuta umarnin shi ne aikin Auta. To tun da aka fara, duk wanda ta gama, kafin su fitar da shi sai kamfanin da ke tsallaken titi ya riga su fitar da irinsa sak. Huɗu sun tafi a haka. Saura Mai Magani, kuma 'Yan Tsallake sun sanar cewa yau da hantsi za su saki tasu.

Oga ya riga ya faɗa. In wannan ma ta zo ɗaya, wani zai bar ofishin nan da sunan ɓarawo, kuma sai ya kai shi gaban hukuma. Da yake faɗar haka Auta yake kallo.

Yaya ya matso, ya rage murya.

"Tarkon nan naki, kin tabbata ba wanda ya sani?"

"Daga ni sai kai."

"Ki bar shi a haka."

"Wa zan gaya wa? Duk ofishin nan kai kaɗai ne ban sa wa ido ba."

Ya kawar da kai yana duban tagar bene.

"Ni fa Yaya har yanzu ba ka faɗa min ba," ta ce. "Ranar da na nuna maka hoton Mai Maganin ka daɗe kana kallo, ka ce ba ta cika ba. Me ya rage?"

"Bar wannan maganar."

"Haba Yaya. In akwai abin da na manta a kamannin Mama ai gara in sani."

"Na ce ki bar ta. Mu shiga kar mutumin ya fara tsalle-tsallensa."

*

Sun tarar kowa ya zauna. Oga a bakin tebur, hannu a harɗe. Anti Talla, mai tallata musu wasan a intanet, ta ɗora sabuwar jakarta a cinya tana shafawa. Can a ƙarshe Likitan Yatsu. Shi aikinsa gyara ɓarnar injin, don AI in ya zo zana hannu sai ya ba mutum yatsu shida ko bakwai kamar kyauta yake rabawa, Likita ne ke bi yana yankewa yana ɗinkewa.

Auta ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, zuciyarta na saƙa mata. Jakar nan ta Anti ba ta kuɗin albashinsu ba ce. Likita kuma kullum a shagon da 'Yan Tsallake ke cin abincin rana yake ci, wai miyarsu ta fi. Shi kansa Oga ta taɓa hango shi yana gaisawa da shugabansu a bakin titi, har da dafa kafaɗa. Sai da ta kai ko atishawa mutum ya yi tana neman ma'anarta.

Oga ya kunna babban allon bango. Maharbinsu a dama, na 'Yan Tsallake a hagu. Dattijo iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya, har hasken yamma da ke bayansa.

"Malama," ya ce wa Auta, "kafin su saki abin nan, in akwai abin da za ki faɗa, ki faɗa. In daga bakinki ya fito zai zo da sauƙi."

"Oga ka bi a hankali," Yaya ya ce. "Ƙanwata ce fa."

"Na san ƙanwarka ce. Shi ya sa nake tambayarta a nan ba a wani wuri ba."

Anti ta taɓe baki.

"Ni dai na faɗa tun farko, hotunan ake ɗauka a waya a tura musu. Kowa ya kawo wayarsa a duba, a huta."

"Ba hoto ake sata ba," Auta ta ce.

"To me?"

"Kalmomi. Umarnin da nake rubutawa."

"Ke kika san wannan."

"Likita," Auta ta ce, "don Allah ƙirga min yatsun Maharbinsu. Hannun hagu."

Likita ya cire abin kunnensa, ya matso da hoton.

"Huɗu. Babu ƙaramin." Ya yi dariya. "Ba su da mai gyara ke nan. Ai wannan ciwon injin ne Malama, da shi nake cin abinci."

"Namu fa?"

"Biyar cif. Aikina ne."

"Na san aikinka ne. Ka taɓa karanta umarnin Maharbin?"

Ya sosa ƙeya.

"Ni fa hoto nake gyarawa, ba karatu aka ɗauke ni ba."

Ta buɗe kwamfutarta ta karanta a fili, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Maharbi dattijo, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda ɗaukar katako. Bakansa na itace ya sha hannu har yana sheƙi. Yana ɗan ƙanƙance ido ɗaya kamar mai duba ko layi ya miƙe. Hannun hagu yatsu huɗu, babu ƙaramin. Hasken yamma daga bayansa."

Ta ɗago.

"Babanmu kafinta ne. Zarto ya ɗauke masa yatsan tun kafin a haife ni. Ni na ce wa injin ya yi huɗu, kuma sai da na sha wuya kafin ya yarda. Kai kuma ka zo ka yi masa dashe."

Likita ya buɗe baki ya rufe.

"Wallahi na ɗauka... Kai, ashe mahaifinku na yi wa aiki ba izini. Ki yi haƙuri Malama. Injiniya ka yi haƙuri."

Da wata rana ce da an yi dariya. Yau ko Anti ba ta motsa ba.

Sirrin aikin Auta ke nan, kuma shi ya sa ake sace shi. Sauran masu rubuta umarni sai su cika wa injin kunne da "kyakkyawa, ƙaƙƙarfa, sulke mai walƙiya," shi kuma ya yi ta ba su fuska ɗaya kamar 'yan gida ɗaya. Ita mutum take rubutawa, wanda ta sani, da tafiyarsa da tabonsa. Mayaƙinsu mai gadin makarantarsu ne. Ɓarawon, Allah ya yafe mata, wani kawunsu ne.

"Hoton da ke ofishin nan yatsu biyar ne," ta ce. "Da hoto aka tura musu da biyar za su fitar. Wanda ya kai musu, kalmomina ya kai."

Oga ya daɗe yana kallonta.

"Kin san abin da kika yi yanzu kuwa?"

"Na nuna yadda ake satar."

"Kin nuna kanki. Hoto kowa na da shi a ofishin nan. Kalmomin kuwa a kwamfutar wa suke kwana?"

"A tawa."

"To?"

"Amma ba ni kaɗai ke ganinsu ba. Anti kina karɓa ki ce za ki rubuta talla da su. Oga kai ma kana cewa in turo maka ka duba. Likita ma yana karɓa, ko da yake yanzu mun ji ba ya karantawa."

"Ke yarinya!" Anti ta miƙe, jaka na zamewa. "Ni kike nufi? Na haife ki fa!"

"Ban kira suna ba Anti."

"Kin kira mana! Ni da na bar aikin banki na zo nan ina tallata dodanni, ni za a ce wa ɓarauniya?"

"Zauna Anti," Oga ya ce. "Malama, ƙarasa."

Auta ta saci kallon Yaya. Ya ɗan girgiza mata kai, alamar kar ta faɗa tukuna. Amma ta riga ta gaji da riƙewa.

"Umarnin Mai Magani da na ba ku, ba iri ɗaya ba ne."

Kowa ya juyo ya dube ta.

"Kowa na sa masa alamarsa. A na Anti akwai ɗan koren tsuntsu a kan sandarta. A na Likita akwai ƙararrawa a jikin jakar maganinta. A naka Oga fitila ce rataye a ƙugunta. Na ainihin ba shi da ko ɗaya, yana nan a kwamfutata ban ba kowa ba. Yanzu in suka saki tasu, alamar da ta fito ita za ta faɗi suna, ba ni ba."

"Har da ni?" Oga ya nuna ƙirjinsa.

"Har da kai Oga."

"A kamfanina?"

"Kai ma ai ni kake zargi a kamfaninka."

Kai, yarinyar nan tana burge ni wani lokacin.

Anti ta koma ta zauna tana huci, sai kuma ta juya gaba ɗaya ta dubi Yaya.

"Shi Injiniya fa? Mece ce alamarsa?"

"Ba shi da ita."

"Saboda me?"

"Bai taɓa tambayata umarni ba. Kuma Yayana ne."

"Au! Mu ne bare ke nan, mu ne masu hannun ɗauka. Shi da yake riƙe da makullin kowace kwamfuta a ofishin nan?"

"Anti ki iya bakinki," Auta ta ce, ranta ya ɓaci sosai. "Shi ya kawo ni aikin nan. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Mama. Ki zarge ni in kina so, amma ki cire shi."

"Ya isa Auta," Yaya ya ce a hankali. "Ya isa."

Oga ya ɗan dubi Injiniya, abokin nasa. Tare suka kafa kamfanin a ɗakin haya tun suna samari, sai dai da aka zo rajista sunan mutum ɗaya ya hau takarda. Ba a taɓa maganar a fili ba, kuma ba wanda ke ofishin da bai san da ita ba.

"Likita," Oga ya ce, "buɗe mana shafinsu."

*

Jira ya fi komai wuya. Likita na ta danna sabuntawa, shafin na ta dawowa da sanarwar jiya. Fankar sama na ƙara. Anti ta ciro waya, ta ga kowa ya zuba mata ido, ta mayar da ita jaka da tsaki.

"Ku cinye ni to."

"Ni dai Allah ya sa ba ƙararrawa ba ce," Likita ya ce. "Wallahi ko buɗe saƙon ban yi ba."

"Wanda bai buɗe ba ai yana iya turawa," Anti ta ce.

"Ke ma tsuntsunki yana iya tashi."

"Ku yi min shiru," Oga ya ce.

Yaya ya tashi ya zubo ruwa a kofi ya ajiye gaban Auta.

"Sha."

Ta sha. Har cikin ranta ta ji daɗi, ta ce ko duniya ta juya mata baya tana da mutum ɗaya.

"Ta fito," Likita ya ce.

Hoton ya cika bango.

Auta ta san abin da za ta gani, amma duk da haka ta kasa ɗauke ido. Mace gajera mai cikar jiki, tsaye a bakin wata bukka cikin dajin dodanni, mayafinta ya zame ta gefe ɗaya don ba ta da lokacin gyara shi. Ga wushiryar. Ga tabon ƙuna a wuyan hannu. Ga yadda take ɗan karkata kai kamar tana cewa faɗa min inda ke ciwo. Mamansu ce, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin unguwa, wadda ta rasu Auta na sakandare. Ita ce Auta ta ajiye sai ƙarshe don ta fi kowa wuyar rubutawa, ga ta yau a shafin wasu da tambarinsu a ƙarƙashin ƙafarta.

"Sandar," Anti ta ce da sauri. "Matso da sandar."

Likita ya matso. Ba tsuntsu.

"Alhamdulillahi! Kun gani ko? Kun gani?"

Ya gangara kan jakar magani. Ba ƙararrawa. Ya sauke wata ajiyar zuciya har da dafe kai.

Ya koma ƙugu.

Ba fitila.

Auta ta matso kusa da allon.

"Sake dubawa," ta ce. "Duba bayanta. Duba ƙasa."

"Malama babu. Ko ɗaya babu."

Oga ya juyo da kujerarsa.

"Da bakinki kika ce na ainihin ba shi da alama."

"Eh, amma..."

"Kuma ba ki ba kowa ba."

"Ban ba kowa ba wallahi."

"To wa ya rage?"

Anti ta tafa hannu.

"Ikon Allah. Ta haɗa mana tarko ta faɗa da ƙafarta. Dama ina ta mamakin wannan wa'azin."

"Oga ka saurare ni," Yaya ya ce, ya miƙe tsaye. "Wannan ba hujja ba ce. Injin yana mantuwa. Sau nawa ake ce masa ya sa abu ya ƙi? Wataƙila an ba shi tsuntsun ko fitilar ya watsar. Ba za ka kama kowa da wannan ba. A bar maganar kawai, mu sake wata Mai Maganin."

"A bar maganar?"

"A bar ta. Ba wanda za a iya kamawa."

"Ni na kama." Oga ya miƙa hannu. "Malama, makullin ofis da kwamfutar kamfani. Ki ajiye su a nan."

"Oga..."

"Ba za ki sake rubuta wa kowa ko layi ɗaya ba a wannan sana'ar, ni zan tabbatar. Sauran bayani kya yi wa hukuma."

Auta ta shiga lalubar jaka. Ba korar ba ce ta fi ci mata rai. Za a ce ita ta sayar da uwarta, kuma ba ta da bakin musawa.

Shi kuwa Likita, da yake hali ba ya barin mutum, ya ci gaba da yawo a cikin hoton yana duba yatsu. Ya ƙirga na dama, ya ƙirga na hagu, ya haura ta kafaɗa zai fita, ya bi ta kan fuska.

"Tsaya," Auta ta ce.

"Me?"

"Koma. Fuskar."

Ya koma.

Gilashi ne a idon Mai Maganin. Ɗan siriri, mai zagayayyen ido, shi ya sa daga nesa bai fito ba.

"Ƙara matsowa. Gefen hagu, wajen kunne."

Fuskar ta cika bango. A inda ƙafar gilashin ta haɗu da idonsa an naɗa jan zare, an naɗa an sake naɗawa, an ƙulle, har da ɗan bakin zaren da ya yi saura yana reto.

Makullin ya suɓuce daga hannunta ya faɗi ƙasa.

"A tamu akwai gilashi ne?" Oga ya tambaya.

Likita ya buɗe tasu a gefe.

"Babu."

"A umarnin fa?"

Auta ta juya masa kwamfutar. Ya karanta na ainihin, ya karanta na Anti, ya karanta na Likita, ya karanta nasa. Ba gilashi a ko ɗaya.

"Injin ne," Yaya ya ce. "Na faɗa muku yana ragewa yana ƙarawa yadda ya ga dama."

"A'a Injiniya," Likita ya ce, yana girgiza kai. "Gilashi, to, zai iya jefowa. Amma karyayyen gilashi, da jan zare, a gefe ɗaya, da ƙulli? Ni kullum cikin shirmen injin nan nake kwana nake tashi, na san shirmensa. Wannan faɗa masa aka yi. Wani ya ƙara layi a kan na Malama."

"Su 'Yan Tsallaken suka ƙara mana," Anti ta ce.

"Don me za su ƙara jan zare?"

Auta ba ta jin su. Ta koma tsakar gidansu, tana ƙarama, ranar da Yaya ya dawo daga ƙwallo ya faɗa kan kujera bai duba ba, ya zauna a kan gilashin Mama. Ya tsorata, ya ɗauko jan zare a gwangwanin ɗinkinta ya ɓuya bayan ƙofa yana naɗawa. Mama ta gani ba ta ce komai ba, ta ɗauka ta sa. Daga baya an sha cewa ta canja, har Baba ya sayo mata sabo, ta ce gyaran ɗanta ya fi na kanti. Da shi ta je aiki har ƙarshen ranta.

Ita Auta ta manta. Wallahi ta manta shaf, sai yanzu. Baba ya bi Mama tuntuni. A duk duniya mutum biyu suka rage da suka san zaren nan, ɗaya ta manta, ɗaya kuwa ba zai taɓa iya mantawa ba.

Ta juya a hankali.

Kowa a ɗakin bango yake kallo. Yaya kaɗai ke kallon tebur.

Sai komai ya dinga dawo mata. Wayar kwanar bene. "Kin tabbata ba wanda ya sani?" Makullin kowace kwamfuta. Ita da kanta ta zaunar da shi ta zayyana masa tsuntsu da ƙararrawa da fitila, ta nuna masa waɗanda zai tsallake. Ya shiga ya ɗauki wanda ba alama, yana sane sarai a kan wa zai faɗa. Sai dai da ya zo miƙawa ya karanta, ya ga Mama ba gilashinta, hannunsa ya kasa barinta haka.

Kofin ruwan da ya kawo mata na nan gabanta, saura rabi.

"Malama," Oga ya ce, yanzu muryarsa ta sauka. "Fuskarki ta nuna kin san wani abu. Wa ya san zaren nan?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon kofin.

"Ki ba ni suna ki ɗauki makullinki. In kin ƙi, ke ce. Ba ni da wata hanya."

In ta faɗa, Yayanta za a fita da shi. In ta yi shiru, ita ce ɓarauniya har abada, a bakin Anti, a bakin duk wanda ke sana'ar nan. Ta ji tana sonsa, ta ji kuma ba ta taɓa jin haushin mutum kamar yadda take jin nasa yanzu ba.

"Yaya," ta ce.

Bai ɗago ba.

"Yaya, ɗago ka dube ta."

"Auta..."

"Ka ce min ba ta cika ba. Yanzu ta cika?"

Anti ta dafe ƙirji. Likita ya janye hannunsa daga kan kwamfuta.

Oga ya juya gaba ɗaya.

"Injiniya, me take tambayarka?"

Yaya ya ɗago. Karo na farko tun da hoton ya fito ya dubi bangon, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Mama na kallonsa ta cikin gilashin, kai a karkace.

"Auta don Allah," ya ce, "ki bari mu je gida in yi miki bayani."

"Ba inda za mu." Ta nuna bangon da ɗan yatsa, hawaye na zubo mata. "A gabanta za ka amsa min."

Oga ya miƙe, ya taka zuwa ƙofa, ya murza makulli ya zare shi.